Farfesan da na naɗa da bakina

Da ana mayar da magana ciki bayan ta fita, da na haɗiye wadda na yi a cocinmu na Kakuri ranar godiyar girbi. Ni na naɗa ƙanena Farfesa, ni da ban gama sakandare ba.

A hannuna ya tashi bayan rasuwar babanmu. Ina aiki a masaƙa, shi yana ɗaki yana cika takardu da wani irin lissafi da haruffa suka fi lambobi yawa. Ya yi digiri, ya ƙara, ya zama Dakta, jami'a ta riƙe shi yana koyarwa. Na taɓa tambayarsa amfanin abin. Ya ce, "Yaya, ka ga yadda janareta ke nishi in an jona dutsen guga, sannan ya daidaita? Lissafin wannan daidaitawar nake yi, don inji ya riƙa gyara kansa." Na gyaɗa kai. Abin da na gane kawai shi ne, wannan bayani ba zai sa a yi mini tafi a ko'ina ba.

Maƙwabcina bakanike ne, ɗansa likita, kuma ba ya bari in manta. Kullum sai ya ce, "Naka Daktan ya iya allura kuwa?" Shi ya sa ranar da ƙanena ya gaya mini an tura rubuce-rubucensa wajen manya su duba ko ya isa zama Farfesa, bakina ya fara ƙaiƙayi. Ya ce abin yakan daɗe, yana iya dawowa babu nasara, kada in gaya wa kowa. Na ce, "Haba, ni yaro ne?"

Ranar godiya na gayyace shi, na kuma zagaya ta bayansa na gayyato shugaban sashensu, wani dattijo mai sanyin magana da ke zaune a Barnawa. Aka kira iyalinmu, muka taka rawa zuwa gaba da doya da bunsuru. Fasto ya miƙo mini makirufo in yi 'yar gajeriyar godiya. Ina hango bakaniken nan a cikin jama'a sai bakina ya ƙwace. Na ce Allah ya ba gidanmu Farfesa. Matan zumuntar coci suka rangaɗa guɗa, masu ganga suka ɗauka. Ƙanena yana tsaye riƙe da igiyar bunsuru, kansa a ƙasa, dattijon yana kallonsa ta saman tabarau.

Da aka tashi, dattijon ya ba ni hannu ya ce, "Baba, ashe ku nan har kun yanke hukunci. Mu can amsa muke jira." Na yi dariya, a zatona yabo ne.

Amsar ta zo ba daɗi: ya ƙara bincike, ya sake nema. Wannan ba ni na jawo ba, amma sunan da na liƙa masa ya bi shi har ofis. Abokan aiki suna kiransa Farfesan Kakuri, wasu suna cewa shi ya sa ni. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya dai daina gaya mini komai. In ya zo, gaisuwa ce da tambayar ciwon gwiwata.

Bayan wasu shekaru ya samu kujerar ta gaskiya. A bakin bakaniken nan na ji, wai ɗansa ya gani a waya. Na ɗauki hula na hau keke napep zuwa gidansa a Mahuta. Na ce, "Ashe abu ya tabbata, ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Yaya, ai kai ka riga ka yi bikin."

Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, ya kawo mini ruwa da hannunsa. Amma har yau labarin aikinsa a bakin matarsa nake tsinta.

Ku da kuke da ɗan'uwa a jami'a, don Allah in ya ce ku yi shiru, ku yi. In an miƙo muku makirufo, ku gode wa Allah a kan doyar da ke hannunku, ku koma ku zauna.