Fangalina a Fadamar Gishiri

Ƙarfe uku da minti ashirin na wata Talata ruwan teku ya janye daga fadamar. Filin kowa ya soma tsanewa, ban da nawa.

Shekarata ta biyu ke nan a London. Zamanin kuɗin mai ne, jiharmu ta turo ni karatun ƙasa da ruwa. Duk Talata ajinmu kan tashi daga makarantarmu da ke unguwar Bloomsbury zuwa wata fadama gaba da Dagenham, inda ruwan gishiri ya daɗe yana kwanciya har ciyawa ta ruɓe. Aikinmu shi ne mu buɗe ƙananan magudanai, mu sake dasa ciyawar. Kowa da ɗan filinsa, kuma da shi za a yanke sakamakon shekara. Idan nawa ya mutu, gida zan koma.

A lambun mahaifina na girma, inda da jigo ake ɗago ruwa, ba a barin ko ɗigo ya gudu. Shi ya sa bayan na haƙa magudanata, sai na kewaye dashen da fangali, na tayar da gefensa da laka, na daidaita shi da igiya. Ban ma yi tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Ruwa ya shiga, ya rasa hanyar fita.

Mako biyu ina auna zurfinsa ina rubutawa, ganyen ciyawar na komawa launin ɗorawa. Kunya ta hana ni tambayar malaminmu.

Akwai wani tsohon Bature mai kula da ƙofar ruwan wurin, wanda ba ya yawan magana. Rannan ya tsaya a kaina, ya zuba mini shayi daga fulas ɗinsa, ya tambaye ni wa ya koya mini wannan gini mai kyau. Na ba shi labarin lambunmu da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji. Ya yi ta tambaya kan jigo, har ya sa na zana masa shi a laka. Sannan ya ce a nan ba a riƙe ruwa, baƙo ne mai zuwa sau biyu a rana, hanya kawai ake ba shi. Ya miƙo mini shebur. Ni na fasa gefen da hannuna, yana tsaye har ruwan ya gama zurarewa.

Na tambaye shi ko ciyawar za ta tashi. Ya ce mu haɗu Talata mai zuwa.

Da Talatar ta zo, ya tsuguna a hankali saboda gwiwarsa, ya tono ciyawa guda ɗaya, ya wanke ta a magudana.

Na ce, "Baba, ta mutu ko?"

Ya nuna mini wani farin zare siriri a gindinta.

"Wannan sabuwar saiwa ce, 'yata. Mayar da ita inda take, za ta rayu."