Ni da Ɗan Garinmu a Gaya

Makarantar ƙauyenmu, can wajen Toranke, ƙaramar sakandare ce, aji uku ne iyakarta. In ka gama ka zauna jarrabawa, sai ka nemi babbar sakandare a wani gari ka ƙara shekara uku. A shekararmu mu biyu kacal muka wuce Gaya, ni da ɗan maƙwabcinmu, wanda tun firamare benci ɗaya muke zama. Sauran wasu suka koma gona, wasu suka tafi Kano koyon sana'a.

Baba ya kai ni gidan ƙanwarsa a kan babur, da katifata a naɗe a tsakaninmu. Goggo ba mai yawan magana ba ce, 'ya'yanta duk sun girma sun bar gida. Ta nuna mini shagon ƙofar gida ta koma ciki. Shi kuma abokina ya sauka wajen kawunsa a wata unguwa.

A mako na biyu da fara karatu wani malami ya shigo ajinmu da takarda, ya ce za a raba mu gida biyu, ajin kimiyya da ajin adabi da tarihi, gwargwadon makin da kowa ya samu a lissafi. Aka kira ni a kimiyya. Na jira in ji sunan abokina a cikin 'yan kimiyya har malamin ya ninke takardar.

Na bi shi waje.

"Malam, don Allah a mai da ni wancan ajin."

"Saboda me?"

"Ɗan garinmu yana can."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai, karatu ka zo ko zumunci? Koma aji."

Da farko mukan haɗu lokacin tara, mu sayi awara mu ci tare. Daga baya ya shiga 'yan ƙwallon ajinsu, ya yi sababbin abokai. Ba mu taɓa yin faɗa ba. Hira ce ta riƙa raguwa har ta koma gaisuwa. 'Yan ajinmu yawanci 'yan cikin gari ne, sun san juna tun suna ƙanana. Nakan zauna a baya in kwafi darasi, wani lokaci a tashi ban ce da kowa uffan ba.

Haka na yi shekara ukun. Ranar da sakamakon jarrabawar fita ya zo, na ci duka darussan. Na fito da takardar a hannu, na tsaya a bakin titi na jima ina tunanin wanda zan fara nuna wa. Daga ƙarshe na koma gida. Goggo tana tsintar shinkafa, na faɗa mata.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Sai ka kira babanka."