Kafin Ganga Ta Shigo: Ta'aziyyar Khala Mastura

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma kowa zai koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairun 2025, jim kaɗan bayan sallar azahar, Khala Mastura ta riga mu tafiya. Ta rasu a wani asibiti a nan Jidda tana da shekara sittin da bakwai, kwana huɗu bayan ta faɗi a wurin alwala. 'Yarta Jawahir ce ta kira ni. Ko sallama ba ta iya yi ba, ta ce, "Mubina, Ummi khalas." Na ce mata na ji. Na ajiye wayar a kan tabarma, na ci gaba da tsince shinkafar da ke gabana har na gama, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Khala, ban zo asibiti na gan ki ba. Kin san dalili, amma ina so in rubuta shi ya zauna. Wadda ta shigo da bizar umra ta yi shekara uku ba ta koma ba, ba ta zuwa inda ake tambayar iƙama, takardar izinin zama, a bakin ƙofa. Ina rubuta wannan da ciki wata bakwai, kuma ke kaɗai ce na sa rai za ki tsaya a kaina ranar haihuwa. Ki yafe mini idan tsorona ya gauraya da yabonki. Na yi ƙoƙarin raba su, sun ƙi rabuwa.

Ga waɗanda ba su san ta ba: a unguwar Karantina ta nan Jidda aka haifi Khala, wato Inna da Larabci. Iyayenta mutanen ƙasar Katsina ne da suka taho aikin hajji ta Sudan, suka zauna. Ba ta taɓa ganin Najeriya ba. Hausarta irin ta tsofaffi ce, mai nauyi, Larabci yana faɗowa cikinta ba tare da ta lura ba. Shekara ashirin da shida ta yi tana aiki a gidan wani Ba'indiye mai kantin magani a unguwar Hindawiyya, rabin shekarun nan kuma tana jinyar mahaifiyarsa, wadda ɓarin jikinta ya shanye.

Daga wurin tsohuwar nan kika samo abin da kika ba ni. Kin gaya mini da ƙuruciyarta tana kaɗa wani abu mai suna sarangi, mai kama da goge, sai dai igiyoyinsa sun fi talatin. Da hannu ya mutu, sai ta koma sauraron kaset, ke ce kuma mai sa mata. "Satin farko na sa mata na yamma da sassafe," in ji ki, kina dariya har kina riƙe ciki. "Wallahi da hannun nan mai lafiya ta jefe ni da takalmi. Ta ce na zuba mata almuru a cikin shayi." A haka kika koyi cewa kowane kiɗa, wanda suke kira raga, yana da lokacinsa. Akwai na ketowar alfijir, akwai na hantsi, akwai na la'asar sakaliya. Har na ruwan sama akwai, a garin da sai a yi wata goma ba a ga hadari ba. Da tsohuwar ta rasu, iyalanta za su koma ƙasarsu, suka bar miki akwatin kasetocin da rediyon. Ranar da rusau ya iso layinku a Karantina, kin bar gado, kin bar kabad ɗin da kika yi aure da shi, kika ɗora akwatin nan a ka.

A unguwar Khumra muka haɗu, ɗakinki a ƙasa, namu a sama. Tagarmu bangon wani sito take kallo. Maigidana Zaharadden yana fita dako tun da safe, ni kuma in wuni da littattafan soyayya a waya. Tun ina 'yar makaranta haka nake. Ina kuma da wata ɗabi'a da kika gano tun kwanakin farko: ba na iya wuce babi na uku sai na tsallaka shafin ƙarshe na ga ko sun yi aure. Idan sun yi, sai in dawo in karanta wahalarsu hankali kwance. Kika sa mini suna Sarauniyar Ƙarshe. Idan kin hau bene da kwanon kunu sai ki ce, "To Sarauniya, yau an ɗaura ko an fasa?"

Shekara ɗaya da rabi ke nan da na yi haihuwar fari. Kwana biyu ina naƙuda a ɗaki, muna tsoron fita. A lokacin kina wurin Jawahir kina taya ta jego. Yaron ya zo cikakke, da gashinsa da farcensa, amma bai yi kuka ba. Zaharadden da maza biyu suka tafi da shi a cikin tawul. Mata sun shigo sun yi mini gaisuwa, sun ce in yi haƙuri, Allah zai ba da mai albarka. Na san gaskiya suka faɗa. Amma ban yi kuka ba, ban kuma yi magana ba. Na kan buɗe littafi in je shafin ƙarshe, in ga an ɗaura aure, in ji kamar ina karanta takardar magani. Har kwanakin mako suka ɓace mini.

Rana ta goma sha biyu, bayan la'asar, kika turo ƙofa da ƙafa, rediyon a hammata. Ba ki ce mini in yi haƙuri ba. Kika gyara zama kusa da ni, kika jingina da bango, kika danna.

Da farko wani sauti ne guda ɗaya a ƙasa, ba ya hawa ba ya sauka, kamar ƙugin na'urar sanyaya ɗaki, sai dai wannan yana da rai. Can sai gogen ya shigo. Ba ya tsalle daga murya zuwa murya kamar kiɗan da na sani. Jan jiki yake yi, kamar mai tsohon ciki tana saukowa daga bene, ƙafa ɗaya, ta huta, sannan ɗayar. Zai hau har ya kusa wani wuri da kunnena ke jira ya taɓa, sai ya dawo bai taɓa ba. Ya sake hawa, ya sake dawowa. Abin ya fara ba ni haushi. Maganata ta farko cikin kwana goma sha biyu ita ce, "Khala, wai yaushe za a fara?"

Kika ce, "Tun ɗazu aka fara."

Na ce, "A tura shi gaba mana, mu ji ƙarshen."

Kika buge mini hannu. "Wannan ba littafinki ba ne, ya binti. Babu wanda zai auri wani a ciki. Isma'i, saurara kawai."

Na saurara don ba ni da ƙarfin gardama. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ga hasken da ke bangon siton ya tashi daga fari ya koma ruwan ƙasa. Numfashina ya ragu ya bi tafiyar igiyar. Sai na ji kamar mai kiɗan ya san akwai wani wuri a ƙirjina da ba a taɓawa, shi ya sa yake kewaye shi, yana zuwa kusa yana ja da baya, har wurin ya saba da shi. Da ya zo ya taɓa muryar nan ta sama, ya tsaya a kanta, sai wani abu ya tsinke mini. Na yi kukan da har maƙwabta suka leƙo. Ba ki rarrashe ni ba, ba ki ko juyo ba. Kin dai ɗora tafin hannunki a bayana kin bar shi a nan. Sai daga baya wasu ƙananan ganguna suka shigo cikin kiɗan, kika ce a hankali, "Kin ji? Ganga ba ta shigowa sai an gama faɗin abin da ke ciki. Daga nan kuma sai tafiya." Ana fara kiran magariba kika kashe, ko da yake bai ƙare ba. Kika ce in tashi in wanke fuskata.

Tun daga ranar kika mayar mini da lokaci. Da hantsi in sauko mu ji mai sarewa kina yi mini kitso. Da la'asar ki hau da mai goge ko mai sitar, molonsu mai dogon wuya. Na koma sanin Litinin da Alhamis. Na koma cin abinci. Ba ki taɓa cewa abin ibada ba ne, ba ki kuma taɓa barin kaset ya haɗu da kiran salla ba. Da na tambaye ki ko babu laifi, kika ce ke ba malama ba ce, kina dai neman gafara kullum. Kika ce Alƙur'ani shi ne maganin, wannan ruwan ɗumi ne da ake wanke ciwo kafin a sa magani. Ɗanki Bandar ba ya son abin, kuma bai ɓoye ba. Ya kan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ummi, haram alaiki, da girmanki?" Ki ce, "Yalla, kai da wayarka ke rera waƙa sau hamsin a rana, je ka fara yi mata wa'azi." Ya yi murmushi ya sumbaci kanki ya tafi. Jawahir ta ce za ta juye miki su a waya, kika ƙi. Kika ce abin da mutum zai iya kira ya katse a tsakiya ba wurin sauraro ba ne.

Alherinki ba a kan kaset ya tsaya ba. Ke kike zuwa kantin magani ki sayo wa matan bene abin da suke tsoron fita nema. Ke kika yi wa wata baƙuwa 'yar Nijar wankan jego kwana arba'in, ba ki ma iya faɗin sunanta daidai ba. Kyanwoyin layin nan har yau suna taruwa a ƙofarki da hantsi.

Da na gaya miki na sake samun ciki, ban yi murna ba, ke ma ba ki tilasta mini ba. Kika ƙirga da yatsu, kika ce zai faɗo cikin azumi. "To ba kaset ke nan," in ji ki. "Ni da an ga wata nake rufe akwatin, sai bayan salla. Amma ni zan zauna a bayanki ki jingina da ni. Idan kuma abu ya ƙi, ba za mu yi kwana biyu a ɗaki ba. Da kaina zan kai ki, in tsaya a ƙofa in yi ta yi musu Larabci har su gaji su buɗe." Na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Wata biyar na yi ina barci a kan wannan magana.

Ranar bakwai da rasuwarki Jawahir ta hau bene da akwatin ta ce, "Ummi ta ce naki ne." Kaset arba'in da ɗaya. Rubutun jikinsu ya koɗe, wanda ya rage kuma ba na gane shi. Ke da hannu kike sanin su, wannan mai tsagewa a gefe, wancan mai ɗigon jan farce. Ban taɓa tambayar ki ba, don ban taɓa zaton zan sa su ni kaɗai ba. Biyar kawai na sani. Zaharadden ya ɗauki biyu ya kai wa Indiyawan da suke aiki tare a sito, a zatonmu kowane Ba'indiye zai karanta. Na farko ya juya su ya ce shi daga kudu yake, wannan ba rubutunsu ba ne. Na biyu ya saurari kaɗan ya ce irin wannan a garinsu sai babban mutum ya mutu ake sa shi a rediyo. Ya tambaya wa ya mutu. Zaharadden ya ce, "Uwarmu."

Jiya da la'asar na sa ɗaya daga cikin biyar ɗin. Na zauna inda muke zama. Kiɗan bai canja ba, ya yi ta kewaye wurin nan kamar yadda ya saba, ya kuma taɓa shi. Amma da ya buɗe ni, babu hannu a bayana. Ashe abin yana buɗe mutum ne kawai, ba shi ke riƙe shi ba. Na kashe, na zauna ina ƙirga motsin cikina har magariba.

Zaharadden yana cewa za mu sami wata da za ta tsaya a kaina ranar haihuwa. Na san duk matan benen nan, kuma duk irina ne, babu mai takarda. Ya yi maganar mu miƙa kanmu a mayar da mu gida, sai ya dubi cikina ya bar maganar. Jawahir ta ce in kira ta idan lokaci ya yi. Tana zaune a arewacin gari, tafiyar awa guda in babu cunkoso, ga aiki ga yara uku. Na ce mata to.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Mastura. Ka yafe mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba. Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi, Ka sa hannun da ta ɗora a bayan masu kuka ya zama shaida a gare ta ranar da babu inuwa sai taKa. Ka haɗa ta da iyayenta da suka tako ƙasa da ƙasa don su ga ƊakinKa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Bandar da Jawahir da 'ya'yansu, da tsofaffin maƙwabtanta na Karantina duk inda rusau ya watsa su, da matan benenmu na Khumra. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Wanda duk ya karanta wannan ya yi wa Khala addu'a, ina roƙon kada ya shafa tukuna. Saura wata biyu. Ya ƙara da cewa Allah Ya sa wannan ya zo da kuka.

Mubina, matar Zaharadden
Khumra, Jidda