Daɓen Manu

A Kangire ba a san namiji da daɓe ba. Aikin mata ne, su taru da madaɓai suna waƙa in za a gyara ɗakin amarya. Amma Manu da daɓe ya ci abinci shekara goma sha bakwai, har sunan ya bi shi kasuwa, Manu Mai Daɓe. In mutanen garinsu suna son ganin fushinsa, sai su tambaye shi yaushe za a kawo amaryar.

Ɗan masu shanu ne. Ciwon huhu ya share garken ubansa, shi kuma ya gangaro Birnin Kudu neman aikin lebura ana saura shekara biyu a sami mulkin kai. Wani Bature malamin makaranta ya ɗauke shi gyaran filin kurket, wasan nan da ɗaya ke jifa da ƙwallo mai tauri, ɗaya na karewa da faffaɗan katako kada ta ture sanduna uku da ke bayansa. Sai ƙwallon ta daki ƙasa kafin ta isa ga mai bugu, don haka wasan gaba ɗaya ya rataya ne a kan wani zirin ƙasa mai taku ashirin da biyu a tsakiyar fili. Bature ya yi ta fama, zirin na tsagewa. Manu ya tuna yadda innarsa take yi. Ya fasa suri, ya daka ƙasar, ya tankaɗe, ya jiƙa ɓawon ɗorawa ya tace makuba, ya durƙusa da madaɓi kwana tara. Wurin ya fito sumul kamar bayan ƙwarya.

Bature ya koma garinsu, wasan ya zauna a hannun malaman makaranta da akawunan En'e da 'yan asibiti. Suka kafa kulob, suna karawa da garuruwa uku ko huɗu. Da ruwa ya ɗauke ake buɗe wasa, kuma kullum da 'yan Gwaram ake farawa, su iso a bayan akori-kura cikin fararen kaya da suka riga suka koma ja a hanya.

Matsalar ita ce lokacin daɓe shi ne lokacin cirar gyaɗa. Duk shekara matarsa Batulu ce ke shan rana a gona ita kaɗai, kuma ba ta ɓoye masa ba. Ta sha cewa sabo turken wawa, mutanen da yake wa bauta ko katakon ba su taɓa miƙa masa ya riƙe ba. Gaskiya ta faɗa. Har ya tsufa bai iya lissafin wasan ba. Shi dai ranar buɗewa yakan zauna gindin maɗaci, ya yi addu'a kada a ji wa kowa ciwo, ya zuba wa ƙasarsa ido. Idan ƙwallon farko ta daki zirin ta tashi daidai ƙugu, sai ya ji duk filin babu wanda ya fi shi.

Sai kuɗin man fetur suka shigo. Alhaji Hadi, wanda jiya-jiyan nan akawu ne mai keke, ya zama ɗan kwangila kuma shugaban kulob. A shekarar, Manu ya yi mako biyu yana fasa suri a bayan gonarsa, ya koro jakuna uku da tulunan makuba har bakin fili. Ya tarar an haƙe zirinsa an zuba siminti, an shimfiɗa wata doguwar tabarma da aka sayo daga Ikko. Daga Birnin Kudu zuwa Kangire ba wata tafiya ba ce, amma ba a sami mutum ɗaya da ya aika masa ba. Alhaji Hadi ya leƙo ta tagar mota ya ce ai sun hutar da shi ne, kada ya fasa zuwa kallo ranar Asabar.

Ya zo kuwa. Ya zauna inda ya saba, amma bai yi addu'ar da ya saba ba. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. So yake simintin ya kunyata su, ƙwallo ta yi tsalle ta fasa wa wani baki a gaban 'yan Gwaram. Wanda ya fara tsayawa bugu Malam Sada ne, malamin lissafi, mutumin da bai taɓa wuce Manu bai gaishe shi ba. Manu ya ga ko wane ne, kuma bai janye fatansa ba.

Ba abin da ya faru. Ƙwallo ta yi ta tashi daidai, ta farko kamar ta hamsin. Malam Sada, da aka saba ture masa sanduna a fitar da shi tun mutane ba su gama zama ba, ya yi ta kora ta har bakin gonar masara, 'yan Gwaram na bi suna haki. Aka yi ta tafi har azahar.

Da aka tashi salla, Malam Sada ya nufo gindin maɗaci, gumi na zuba, baki har kunne. Ya rusuna ya gaishe shi, ya tambayi Batulu da gona. Babu mugunta ko kaɗan a fuskarsa, murna ce kawai ta cika shi yake neman wanda zai gaya wa.

"Baba Manu, ka gani ko? Ashe na iya. Duk shekarun nan ƙasa ce take cutata ban sani ba."

Manu ya dubi simintin. Can ya ce, "Haka ne, Malam. Allah ya ƙara sa'a."