Baba Ummaru da akori-kurar mahaifinmu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin shiga aji anka kira ni daga Wurno, wai Baba Ummaru Direba ya rasu bayan sallar asuba. Jiya ma an gan shi a masallaci lafiya lau.



Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon direba ne da ya aje tuƙi ya koma gida. Bai taɓa buɗe gareji a bakin titi ba. Wani fili ne a bayan gidansa, da rumfar kwano, da ramin da ya gina da hannunsa don shiga ƙarƙashin mota. Nan yake wuni da sifanoninsa da 'yar rediyo.

Aminin mahaifina ne tun suna samari, sai siyasa ta shiga tsakaninsu. A wani zaɓe kowa ya bi nasa ɗan takara, sunka yi musayar magana a kasuwar Goronyo gaban jama'a, daga nan ko gaisuwa sai ta ɗaga hannu daga nesa. Haka shekaru sunka wuce har mahaifina ya rasu ba su shirya ba. Baba Ummaru ya zo jana'iza, ya tsaya sahun baya, ya koma.

Mahaifinmu ya bar tsohuwar akori-kurar da yake kai albasa kasuwa. Ta zauna ƙofar gidanmu a Kagara har tayoyinta sunka nutse cikin ƙasa, kaji na ƙwai a kan kujera. Yayyena sunka yanke shawarar saida ta ga masu sayen tsohon ƙarfe.  Ranar da mutanen sunka zo suna ƙwanƙwasa jikin motar, Inna, mahaifiyarmu, ta shige ɗaki ta ƙi cin tuwo. Ni ne ƙarami, ba ni da ta cewa.

Ban san wa ya kai wa Baba Ummaru labari ba. Sai ga shi a kan kabu-kabu tun daga Wurno. Ya zagaya motar, ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Wagga mota ba ta mutu ba. Ku ba ni ita. In ta ƙi tashi, ku saida ƙarhenku.”

Babban yayana ya ce, “Baba, kai da Alhaji fa ko magana ba ku yi.”

Ya ce, “Don haka niz zo.”

Da tarakta anka ja ta zuwa gidansa.

Aikin ya ci lokaci, tun daga kaka har ruwa ya sake sauka. Duk Asabar da na samu sarari nakan je in kama masa. Bai taɓa bari na taɓa sifana ba sai na sha furar da matarsa ta dama. Shi ya koya mani jera noti a kan buhu yadda na kwance su, don kar in rikice wajen mayarwa. Ranar da na murɗe wani noti har ya karye, na tsaya ina jiran faɗa, sai ya yi dariya ya ce mahaifina ya karya waɗanda sunka fi wannan.

Ba komai ya tafi daidai ba. Ya je Sakkwato neman giyabos cikin tsofaffin kaya, ya dawo da wanda bai shiga ba, ya sake komawa. Injin ya tashi, ya yi tari, ya mutu. Lagireto ya yi ta yoyo. Shi dai ba ya fushi. Sai ya wanke hannu ya ce a yi sallah tukuna.

Da anka zo fenti, na nuna masa wata loɓawa a ƙofar direba, na ce a buge ta ta miƙe. Ya hana.

“Bar ta. Ni niy yi ta. Ranar da za a haihe ka, ubanka ya rikice ya kasa tuƙi, ni nij ja motar zuwa asibiti, nig goga ta ga katanga.”

Ban taɓa jin wannan labarin ba sai ranar.

Da motar ta tashi sosai, shi da kansa ya tuƙa ta har Kagara. Inna na cikin gida ta gane ƙarar injin, ta fito da mayafi a hannu. Baba Ummaru ya sauko ya durƙusa, tsoho da furfurarsa.

“Hajiya, ban samu roƙon Alhaji gafara ba. Ki yahe mani a madadinai.”

Inna ta ce, “Tashi, Ummaru. Shi ma ya sha cewa zai taho wurinka, kunya ta hana shi.”

Ya cire hula ya share fuska da ita. Daga nan ya ɗauki Inna a gaban motar ya kai ta Rabah ta ga ƙanwarta. Yanzu yayana ke kai albasa da motar.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, makon jiya ne. Na biya ta gidansa ina sauri, na iske shi ƙarƙashin motar wani maƙwabcinsa, ƙafafunsa kawai ake gani. Na yi sallama.

“Wa na?”

“Ni ne Baba, Sanusi.”

“A'a, ɗana! Mi motar ka ciki? Kun sake baƙin mai?”

Na ce za mu sake. Ya ce in gaishe da Hajiya, in kuma ce wa yayana ya rage lodi, motar tsohuwa ce. Na ce to, sai na dawo. Ko fuskarsa ban tsaya na gani ba.

Yanzu ina kan hanyar Wurno.

Allah Ya gafarta wa Baba Ummaru, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Allah Ya sada shi da amininsa a Aljanna. Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san su ba, ya sa su biyun cikin addu'a.