Muhyiddeen, Mai Jera Mini Rubutu a Baƙin Allo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, ina shagona na unguwar Adjamé a Abijan aka bugo mini waya daga unguwar Treichville cewa Allah ya karɓi ranka, Muhyiddeen, bayan ɗan zazzaɓin da kai da kanka ka raina. Har yau zuciyata ba ta dawo daidai ba.

Mai gyaran kwamfuta aka kawo mini kai, haifaffen Abijan, Hausarka rabi Faransanci. Lokacin idona ya fara rauni, ɗana Hadi kuma ya matsa in bar masa shago in koma Kano in huta. Ni kuwa na san hutun nan, zama ne a zaure ana jiran ajali.

Ka rubuta wani ɗan shiri na kwamfuta da ke fito da labarin kwantenoninmu a baƙin allon nan mai farin rubutu: wadda ta iso tashar jirgin ruwa, wadda aka riƙe, wadda ke hanya. Da fari launi ka sa, ja da kore, ni kuwa duk ɗaya nake ganinsu. Ban faɗa ba, amma ka lura da yadda nake kai fuska jikin allon. Sai ka zauna ka sake jerin. Ka kaurara harufa, ka bar fili tsakanin layuka, ka tura duk kwantenar da aka riƙe can gefen dama ita kaɗai. Daga kujerata nake karantawa, har in riga Hadi magana.

Na ce kana ɓata lokaci kan jera rubutu kamar mai jeren kwanukan amarya. Ka yi dariya ka ce, "Baba, ekiran ɗin, allon nan, naka ne. In ba ka gani, ban gama aiki ba." Ba ka taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Makon jiya aka sauya kwamfutar, layukan suka cakuɗe. Sabon mai gyaran da Hadi ya kawo ya ce ai bayanin duk yana nan, me kuma ake so? Gaskiyarsa. Na daɗe ina kallon allon ban gane komai ba, na ce wa Hadi ya nema mini tikitin Kano.

Mutane na ta yi wa mahaifiyarka, Hajiya Zalihatu, "yako", kalmar jajen mutanen Abijan, ni ma ita ce ta dace da ni. Allah ya ba Hajiya Zalihatu da matarka Huda haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka maka shi yadda ka haskaka mini. Amin.