Koren Fentin da Na Shafa wa Akwatin Baba

Ko me zan manta a duniyar nan, ban da ranar da masu talabijin suka zo gidanmu a Kafanchan. Lokacin ina sabuwar malamar firamare, ga iyayi kamar ya kashe ni. Fasto ne ya kawo labari cewa za a yi shiri kan mutanen da aikin reluwe ya kawo garin, kuma an zaɓi Babanmu. Da ƙafa ya tako daga wajen Gwantu tun yana saurayi, da akwatin ƙarfe a kansa. Har akwatin ma suna so su ɗauka a hoto.

Na jawo shi daga ƙarƙashin gado. Kai! Ga tsatsa, ga murfin duk ƙarce-ƙarce kamar kaji sun yi tono. Wannan za a nuna wa duniya? Baba na fita zuwa coci na dirje shi da yashi tas, na shafe da koren fenti har sau biyu. Ina ta yaba wa kaina.

Washegari suka iso da kyamara, unguwa ta cika maƙil. Mai shirin ya ce, "Baba, ina akwatin nan mai sunaye?"

Sunaye? Ashe abin da na dirje sunayen abokan tafiyarsa ne su tara, waɗanda wani akawu ya rubuta musu da ƙusa ranar da aka ɗauke su aiki.

Baba ya dubi akwati, ya dube ni. "Malama, aikinki ne? Na tura ki koyon rubutu, kin dawo kina goge rubutu!" Kowa ya fashe da dariya, ni kuwa kunya kamar in nutse.

Ya ce ba komai, suna nan a kansa. Ya shiga lissafa su da yatsu, kowa da ƙauyensu, har takwas. Na taran ya ƙi zuwa. "Wani dogo ne, mai busa sarewa..." Ya sake ƙirga yatsunsa, kyamara na kansa. Can ya ce, "Ubangiji dai ya san sunansa."

Haka aka nuna shirin. Har Baba ya rasu sunan bai dawo masa ba, kuma abin yana damuna har yau. Tun daga ranar, in na ga tsohon kaya a hannun tsoho, sai na zauna na tambayi labarinsa kafin in taɓa.